Dakalin da Ya Kori Iya Daga Ɗakinta

Haɗeja.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki Malam Habibu, da fatan gajiyar tarewa ta sake ku. Allah ya sa kun shiga sabon gidan nan a sa'a. Ya tsare ku daga sharrin ruwa da na wuta da na mutum, ya sa ku tsufa a cikinsa kuna godiya. Babanku yana gaishe ku, ya ce a faɗa miki matan Guri sun yi sa'ar ungozoma, kada ki ba shi kunya.

Labarin gida kya ji shi a waya. Abin da ya sa na nemi biro da takarda daban ne. Magana ce mai tsawo, irin wadda in na fara ta a waya za ki ce, "To Inna, na ji," alhali hankalinki yana kan tukunya. Takarda kuwa kya ajiye, ki sake dubawa ranar da kika sami sarari.

Ranar da kuka kai ni ganin gidan kafin ku tare, Malam Habibu ya tsuguna a gindin bango ya nuna min bakin wata baƙar leda da ya ɗan leƙo tsakanin kankare da bulo. Ya ce, "Inna, kin ga difisin da muka yi. Ba mu yi ƙwauro ba, leda mai kauri muka sa." Na yi murna ƙwarai, domin na san amfaninta. Ita ce shimfiɗar da ake yi a kan tushen gini kafin a ɗora bango, don kada danshin ƙasa ya hau sama. Amma da muka zagaya bayan ɗakuna sai na ji kina cewa, "Nan za a yi min dakali a jikin bango, can kuma a zubo min ƙasar fadama in shuka yakuwa da na'a-na'a." Na buɗe baki na rufe, don ba zan tsaya ina yi miki gyara a gaban surukina ba, ranar farin cikinku. Tun a mota nake juya maganar, har yau da na zauna.

Ke kin yi wayo kin tarar da gidanmu a bushe, kin ɗauka haka yake tun asali. Ba haka ba ne.

Da aka kawo ni gidan babanku, a tsohon gidansu na cikin gari muka zauna, ginin ƙasa, wanda kowace shekara sai an yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Da Allah ya buɗa masa a noman shinkafa, ya sami fili a bakin gari ta wajen fadama, ya ce na bulo zai yi. Babban burinsa ya fitar da mahaifiyarsa Iya, wadda kika ci sunanta, daga ɗakin da take tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo. Wani magini mai suna Garba ne ya yi aikin, mutum mai surutu, hannunsa na aiki bakinsa na aiki. Ranar da suka shimfiɗa ledar na kai musu kunu, ya yafito ni.

Ya ce, "Uwargida, zo ki gani da idonki, don ke za ki wuni a gidan nan, maigida yana gona. Ƙasar nan tamu ta bakin kogi, ko da rani in kika haƙa kamu biyu sai kin tarar da laima. Bulo kuwa yana jan ruwa kamar lagwanin fitila. Wannan ledar ce za ta tare shi. Abu ɗaya nake roƙo, a bar taƙi guda tsakaninta da ƙasa. Kada a binne ta."

Na ce to. Amma idona yana kan faɗin ɗakina, ina auna inda gado zai zauna da inda zan jera kwanuka. Maganar ta shiga kunnena ta sami wuri ta kwanta, ba ta tashi ba sai bayan shekaru.

Shekarun farko lafiya ƙalau muka zauna. Sai aka yi wata damina mai nauyi, kina goye a bayana. Kogi ya cika ya fasa jingar da ta tare gefenmu, maza duk suka fita da buhuna da shebur, babanku yana cikinsu. Aka bar ni da Iya da ku yara, muna kallon ruwa yana matsowa ta cikin gonaki. Tsoro ya kama ni. Na tare masu amalanke suka yi ta kawo ƙasa, muka jibge ta a jikin bangon baya, tun daga kusurwa har ƙarshen ɗakin Iya, ta kai gwiwa. Allah ya taimake mu, ruwan ya tsaya a bakin layinmu, daga baya ya ja. Ko ƙasar ta yi wani amfani ko ba ta yi ba, ban sani ba, amma a raina ita na ba wa nasarar.

Tara ƙasar ba shi ne kuskuren ba, mai tsoro yana yin abin da hannunsa ya kai. Kuskuren shi ne barin ta. Da rani ya yi ta daskare, ga inuwa a wurin da yamma, ta zama wurin zama. Na ce wa babanku a shafe min ita da siminti ta zama dakali.

Ya ce, "Anya? Kamar Garba ya ce kada a rufe gindin bangon."

Na ce, "Ai siminti za a sa. Ruwa yana ratsa siminti ne?"

Kin san babanku ba ya son ja-in-ja. Ya kawo wani ya shafe shi sumul. Ummi, na so dakalin nan. A kansa maƙwabta suke zama mu yi tsintar shinkafa, a kansa nake yi muku kitso, a kansa kika koyi tsayuwa. Ban san cewa na yi wa danshi matakala ba. Ledar tana can ƙasa an binne ta, ƙasar da ke cikin dakalin kuma ta manne da bangon a samanta, ruwa ya sami hanyar da zai tsallake ba tare da ya taɓa ledar ba.

Don haka ga maganata ta farko. Duk abin da zai jingina da bangonki ya wuce layin difisi, ki hana shi. Dakali ne, ƙasar shuka ce, tarin itace ne, ragowar yashin gini ne, ko buhunan taki. Guri ta fi mu zama cikin ruwa, wata shekara dole ku tara buhunan ƙasa a ƙofa, wannan ba laifi. Amma ruwa na ja, ku kwashe. In kina son dakali, a yi miki shi a tsakar gida ƙarƙashin bishiya, ko a bar rata tsakaninsa da bango yadda tsintsiya za ta shiga. Yakuwarki ma za ta fi samun rana in kika matsar da ita.

Abu na biyu sana'ata ce. Kin san da gumin shinkafa na rufa wa kaina asiri. A lokacin nan nake fara ta, kuma ban ga wurin da ya fi min sauƙi ba sai bayan ɗakin Iya, kusa da dakalin. Nan na kafa murhu, nan na jera durom-durom. A jiƙa shinkafa ta kwana, a tsame, a turara, a shanya. Ruwan jiƙon kuwa, in na gama sai in tuntsurar da durom ya kwarara inda ya ga dama. Wurin ya kasance cikin caɓi rani da damina. Ga kuma indararon ɗakin yana zuba daidai kan kusurwar dakalin, har ya tsaga simintin. Ruwan sama yana shiga ta tsagar, ruwan gumi yana shiga ta ƙasa, simintin da na yi taƙama da shi ya hana rana ta busar da cikin. Abin da na ɗauka kariya ne ya zama murfin tukunya.

Ki san inda kowane ruwa na gidanki yake zuwa. Na wanke-wanke, na wanki, na alwala, na indararo. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, yana ɗaukewa ki sa takalmi ki zagaya gidan. Inda kika ga ya kwanta a gindin bango, ki sa a gyara gangaren ya koma waje. Inda indararo yake zuba, a sa dutse ko a yi masa makwarara, don tsalle-tsallen ruwan kaɗai yana jiƙa bango sama da layin. Randa da tankin ruwa kada su manne da ɗakin kwana. Famfo in ya fara ɗiga, kada ki ce sai ƙarshen wata.

Bango ba ya ɓoye ciwonsa. Da farko fentin ɗakin Iya ya fara kumbura daga ƙasa. Sai wani farin gari kamar kanwa ya riƙa fitowa, in na share ya dawo. Sai wani layi mai lanƙwasa ya bayyana, ƙasansa duhu samansa haske, yana hawa a hankali. In ka shiga ɗakin da safe sai ka ji wari kamar na tsumman da aka manta a bokiti. Duk na gani. Abin da na yi shi ne, da Sallah ta matso, na sa aka sayo fentin mai, mai sheƙi, aka shafe bangon har hawa biyu, na tura akwatunan Iya suka rufe inda ya fi muni. Baƙi suka zo suna yaba ɗaki. Kafin wata damina ta raba tsakiya fentin ya saluɓe kamar ɓawon dafaffen dankali, layin kuma ya ƙara hawa, don danshin da aka hana fita ta gefe sama yake yi.

Kada ki rufe danshi da fenti, ko da tayil, ko da kabad. Ki nemi inda yake fitowa. In daga sama tabon ya sauko, rufi ne, a hau a duba kwano. In daga ƙasa ya taso ya tsaya wajen gwiwa ko ƙugu, ki fita waje ki duba bayan wannan bangon, a nan amsar take. Kayan ɗaki kuma ki ba su ɗan rata da bango, ki riƙa buɗe tagogi da hantsi ko da kina sauri za ki tafi asibiti.

Yanzu na zo kan wanda ya fi sauran nauyi. Tun kafin fenti ya nuna komai Iya ta faɗa min. Wata safiya ina shara ta ce, "Binta, ɗakin nan yana shan ruwa."

Na ce, "Iya, ina ruwa a ginin bulo? Ko kwano ne yake yoyo?"

Ta ce, "Ba daga sama ba ne."

Na duba rufi ban ga komai ba, na bar maganar. Da ta fara kukan ƙafafu da gwiwa na ce jikin tsufa ne, na sayo mata man zafi. Da ta ce buzun sallarta yana yin sanyi, na shanya mata shi na mayar. Ba raini ba ne, Allah ya sani ina ƙaunar Iya, ita ma ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Kawai dai a kaina ɗakin bulo ya fi ƙarfin irin wannan magana, kuma ban taɓa kwana a cikinsa ba.

Ke kuwa tun da aka yaye ki a wurinta kike kwana, ba mai raba ku. Kina wajen shekara huɗu kika fara tari. Ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, har ya zama in damina ta yi nisa ƙirjinki yana yin ƙara kamar ana busa ƙaramin usur. Muka kai ki asibiti aka ba da magani, kika ji sauƙi, muka dawo da ke ɗakin nan dai.

Wata safiya bayan an idar da sallah, sai na ga Iya ta fito da ƙunshin kayanta ta ajiye a tsakar gida, ta ɗaura miki ɗankwali, ta sa aka kira babanku. Ya zo ya durƙusa. Ni ina bakin murhu.

Ta ce, "Ba fushi na yi ba, kada ku sa wannan a ranku. Ni 'yar masunta ce, a bakin ruwa aka haife ni, na san warinsa ko ina barci. Ruwa yana cikin bangon ɗakin nan. Ni na tsufa, in ya ci ƙafafuna ya ci. Amma ba zan kwanta ina jin ƙirjin takwarata yana kuka ba. Zan je Kafin Hausa wurin Laraba, kuma da yarinyar nan zan tafi."

Babanku ya ce, "Iya, ki koma ɗakina, ni in dawo zaure."

Ta ce, "In kore ka daga ɗakinka a gidan da ka gina? A'a. Ku dai duba bangon."

Ya yi roƙo, na yi roƙo, ta riga ta gama shawara. Shi da kansa ya kai ku tasha. Na san kina tuna zaman nan na gidan Gwaggonku Laraba, kin sha ba ni labarin awakin gidan da alewar da ake sayo miki ranar kasuwa. Ke a wurinki yawo ne. A nan kuwa, babanku ya dawo ya zauna a zaure, na kai masa abinci na dawo na ɗauke shi yadda na kai. Bai ɗora min laifi ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne, "Don ita na yi ginin nan." Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Washegari na shiga ɗakin na fitar da komai. Na janye akwatuna na ga bayansu ya yi baƙi da funfuna, ƙasan ɗaya ya ruɓe. Na ɗaga katifa na taɓa daɓen, sanyi kamar gindin randa. Na zauna a ƙasa inda kike kwanciya na jingina da bangon, kafin wani lokaci zanena ya yi laima. Daga nan na bi bangon da tafin hannu. Na gabas a bushe. Na wajen ƙofa a bushe. Na baya kaɗai ne ya jiƙe. Na fita na shiga ɗakina, wanda bangon bayansa ɗaya ne da nata, na tarar danshin ya shigo min kaɗan daga kusurwa ya tsaya. Na zagaya baya na duba. Inda dakalina ya ƙare, nan danshin ya ƙare. A tsaye a wurin maganar Garba ta dawo min, har da yadda ya buɗe yatsunsa yana nuna min taƙi.

Da babanku ya dawo daga gona na ce, "Malam, a fasa dakalin nan."

Ya dube ni ya ce, "Dakalinki?"

Na ce, "Shi."

Aka nemo Garba, ya tsufa kaɗan amma bakin yana nan. Shi da babanku suka sa diga. Da simintin ya fashe, ƙasar ciki ta fito baƙa, jiƙe sharkaf, tana wari, har da tana a ciki. Suka kwashe ta har suka kai asalin ƙasar wurin. Ni zuciyata tana kan ledar, na ɗauka ta ruɓe, sai an rushe ɗakin. Garba ya goge gindin bangon da hannu, ya bi layin daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya ɗago yana murmushi.

Ya ce, "Uwargida, kwantar da hankalinki. Tana nan lafiyarta ƙalau, ba abin da ya same ta. Hanya kawai aka yi wa ruwa ta samanta. Tunda an cire hanyar, ɗakin zai warke."

Ya sa aka ɓamɓare filastar da ta sha gishiri, ciki da waje, har sama da inda layin ya kai. Na ce to yaushe za a shafe? Ya ce ba yanzu ba, sai bulon ya bushe har cikinsa, kuma shi ba a yi masa gaggawa. Wannan jiran ya fi komai yi min wuya. Gida ya zauna da bango tsirara, duk wadda ta shigo sai ta tambaya, wata ma ta ce ko talauci ne ya kama mu a tsakiyar gyara. Na kwashe murhuna da durom-durom na mayar can ƙarshen gida, babanku ya haƙa musu makwarara har waje. Kullum in buɗe taga da ƙofa, in farin garin nan ya fito in goge shi da busasshiyar tsintsiya, ba na sa ruwa. Rani ya yi aikinsa. Bulo ya tashi daga baƙi ya koma toka-toka, warin ya tafi.

Da za a yi sabuwar filasta na lura da wani abu da nake so ki gaya wa Malam Habibu, don na ga ba ku shafe bayan gidanku ba tukuna. Garba bai kai filastar har ƙasa ba. Ya tsayar da ita daidai kan layin ledar, ya yanke ta da bakin cokalin gini, ya ce in ta sauka ta taɓa ƙasa ita ma jan ruwa za ta yi. A ƙasan layin kuma ya yi ɗan daɓe mai gangare zuwa waje. Masu filasta sun fi son su shafe har ƙasa don ya fi kyan gani, sai an tsaya a kansu. Haka masu sa famfo da masu jan waya, kada a bar su su fasa bango daidai kan layin.

Kafin ruwa ya sauka babanku ya shirya ya tafi Kafin Hausa ɗauko ku. Ya dawo shi kaɗai. Iya ta ce da rani kowane ɗaki a bushe yake, a bari sai marka. Muka jira. Ruwa ya sauka, ya yi nisa, fadama ta cika, kwaɗi suka hana mutane sakat. Kullum in shiga ɗakin in dafa bango. Sai da aka shiga tsakiyar marka, ana wuni ana yayyafi, sannan ta aiko a zo.

Kuka sauka da la'asar. Kin yi ƙiba, kin yi baki, kika ruga kika rungume ƙafafuna, na sa kunne a ƙirjinki ban ji komai ba sai bugun zuciya. Iya kuwa ko ruwa ba ta sha ba ta wuce ɗakin. Ta tsaya a tsakiya ta ja numfashi. Ta dafa bangon baya, ta sunkuya ta dafa gindinsa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da kwalin ashana, ta ajiye shi a ƙasa ya jingina da bangon, ta ce yau a ɗakina za ku kwana, kuma kada a taɓa ƙunshinta.

Da gari ya waye ta shiga, muna biye da ita ni da babanku. Ta ɗauki kwalin, ta zaro tsinke ɗaya ta ƙyasta. Ya kama nan take. Ta riƙe shi tana kallo har wutar ta kusa kai yatsunta, sannan ta hure.

Ta ce, "Binta, a kwance min kayana."

Babanku ya juya ya fita da sauri, wai zai duba awaki. Mu ba mu da awaki a lokacin.

Iya ta yi shekaru masu yawa a ɗakin nan, har ta ga kin shiga makarantar koyon aikin ungozoma. Ƙafafun ba su koma kamar da ba, amma ta daina kwana tana juyi. Ke kuma tarin bai sake dawo miki da wannan ƙarfin ba. Allah ya jiƙanta, ya sa kabarinta ya fi ɗakin nan ni'ima.

Abin da na koya a nan ya wuce maganar gini. In wani a gidanki ya ce wurin kwanansa yana damunsa, tsoho ne ko yaro ko baƙo, kada ki ba shi amsa daga bakin ƙofa. Ki shiga ki zauna inda yake zama. Watarana mahaifiyar Malam Habibu za ta zo ta daɗe a wurinku, ki riƙe wannan.

Ban rubuto don in tsorata ki ba. Gidanku ya fi namu kyan tushe, an ɗaga shi sosai, mijinki kuma mutum ne mai lura. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne, kuma ba ya buƙatar magini. Duk shekara in kin ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ku zagaya gidan ku biyu. Ku tabbata kuna ganin layin daga kusurwa zuwa kusurwa, domin ƙasa tana taruwa da kanta, shara da iska da kaji duk suna kawo ta. A janye ta da fartanya. A yashe makwarara, a liƙe tsaga in an gani. In kuma Allah ya kawo shekarar da ruwa ya fi ƙarfin kowa ya shigo har ɗaki, ledar ba ta hana wannan, ku tsira da kanku tukuna. In ya ja, ku buɗe ko'ina, ku ba bango lokaci, zai bushe. Na gani da idona, gida yana warkewa.

Saura magana ɗaya. Ba ki faɗa min ba, ni ma ba zan sa ki faɗa ba. Amma na ga yadda kika kawar da kai da aka buɗe kwanon kifi, na ga yadda kike dafa ƙugu in za ki tashi. Ke kika yi karatun abin, ni kuwa na haifi shida. Na san za ki ce aiki ba zai bar ki ki dawo gida wanka ba, don haka ni zan zo. Ki gaya wa Malam Habibu ya sa a kafa murhun can nesa da ɗakuna, a gyara makwararar banɗaki tun yanzu, domin ruwan jego safe da yamma har a yi arba'in ba ɗan kaɗan ba ne, kuma ni ba na ƙwauron ruwan zafi.

Allah ya raba lafiya. Ya tsare fitarki da shigarki, ya tsare hanyar da kike bi zuwa wurin aiki, ya sa albarka a hannunki ga duk matar da za ki karɓi haihuwarta. Ya ba ku damina mai albarka, ruwa ya tsaya a gona. Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Binta